Gonar Inna Zulai Ta Shiga Gidan Malam Bala

"...Gajiya ta bi lafiya, sai dai ganin baƙo hannu rabbana," in ji Inna Zulai, ba ta ko ɗago kai daga waken da take tsincewa ba.

Baƙon kuwa jikanta ne Sahabi, safiyo mai awon ƙasa a wata ƙungiya mai rabon taki a Gusau. Jiya ya zo ƙauyen Wanke awon gonaki: a zagaya iyaka da waya, a danna a kowace kusurwa, manhaja ta ajiye ɗigo a taswira. Yau ya dawo fuska a murtuke, don gonar da ta hau ta wani ba ta samun taki, kuma da la'asar ake rufe rajista.

"Tsohuwa, ina kika kai mini waya jiya?"

"Inda ƙafarka ta ƙi zuwa. Wa ya miƙo min ita, ya koma gindin tsamiya yana shan rake?"

"Cewa na yi ki bi layin gamba. Dubi nan. Wannan ɗigon a tsakar gidan maƙwabcinki Malam Bala yake."

"Matarsa ta haihu. In wuce ƙofar gida ban yi barka ba? Ni ba 'yar boko ba ce."

"Shi ne kika danna a can?"

"Mata suka ce in gwada musu yadda ake yi. In yi musu rowa irin taka?"

"Wannan na bakin rijiya fa?"

"Ƙishirwa."

"Na tsakiyar hanyar Mada?"

"Akuyata ta tsinke." Ta leƙo allon, ta ga faɗin abin, ido ya yi haske. "Kai, wai duk wagga tawa ce? Alhamdu lillahi! Rabon kwaɗo ba ya hawa sama."

"Ai kuwa yanzu zai sauko." Sahabi ya ɗora yatsa a kan ɗigon, ya ja shi, lambobin da ke ƙasa suka sauya.

Inna ta dafe ƙirji. "La ilaha! Da yatsa ake ture iyaka? Kakanka da uban Bala shekara guda ba su gaisa ba a kan taku ɗaya!"

"Gona tana inda take. Lambobin ɗigon nake gyarawa."

"To tun da hannunka ya iya sata, ɗan karkato shi ya haɗo min mangwaron Bala."

"Da wane haƙori za ki sha?"

"Da wanda na tauna maka gyaɗa kana majina har baki."

"Kwaɗayi mabuɗin wahala, Inna. In na aika da shi haka, gonarki ta hau tasa, ke babu taki, Malam Bala babu."

Hannunta ya tsaya a cikin waken. Ita dai ko da tokar murhu ta yi noma, amma Bala ga sabon baki a gida, ga ragon suna.

"Mi ya haɗa shi da laifinka?"

"Laifina?"

"Naka mana. Mai hankali ke ba tsohuwa aikin gwamnati? Maza fitar da ni daga gidan mutane."

Ta matso da kujerarta har kafaɗarsu na gogayya. Ya buɗe hoton gonar daga sama, yana ja, tana ba da umarni kamar mai koya wa makaho hanya.

"Gabas. Gabas na ce, kai ko alƙibla ba ka sani ba? Wancan duhun aduwa ce, ajiye shi nan. Kai, ka ba Bala kunyar shuka biyu!"

"Nasa ne."

"Na sani. Gwada ka nake."

Da ɗigon ƙarshe ya zauna, gonar ta koma 'yar mitsitsiya kamar yadda Allah ya yi ta. Sahabi ya aika, waya ta yi ƙara alamar an karɓa, har da ta Bala. Inna ta daɗe tana kallon abin da ya rage mata, sannan ta kwashe da dariya, ta jawo kwanon hoce ta tura masa.

"Ci, angona. Mijin farko gona ya bar min. Na biyu da yatsa ya rage ta, kuma ni ke ciyar da shi."