Lasisina Ya Rasu, Na Pyo Min-cheol Yana Nan da Ransa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani ɗaci kuma da ba na so in kira sunansa, ni Ok Seul-gi, tsohuwar ɗalibar digiri na biyu a wata jami'a da ke nan Busan ta ƙasar Koriya ta Kudu, nake sanar da 'yan uwa da abokan karatu rasuwar lasisin kyauta na manhajar lissafi da ke kan kwamfutata. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi, a kan teburin cin abincin mahaifiyata, yana tsakiyar aiki.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, shi ne izinin da masu manhajar ke bai wa ɗalibai da malaman jami'a su yi aiki da ita ba ko sisi. Ita kuwa manhajar, in ka ba ta matsala mai hanyoyi dubu sau dubu, sai ta zaƙulo maka wadda ta fi kowacce dacewa. Kamfanoni kuɗin mota suke zubewa kafin su taɓa ta. Ni adireshin imel ɗina na jami'a kawai na nuna, aka miƙo min.

Marigayi mai haƙuri ne, mai rufa asiri. Bincikena a kan tashar jiragen ruwa ne: wane jirgi zai tsaya a wace gaɓa, wane inji zai sauke masa kaya, wace mota za ta kwasa. Sau nawa na ba shi lissafin da ni kaina na san shirme ne, bai taɓa kai ƙarata wurin Farfesa ba. Sai dai fankar kwamfuta ta ɗauki wuuu, wuuu, kamar mai nishi a hawan tudu, can kuma ka ji ƙilin! Amsa ta fito. Duk wanda ya zauna kusa da ni a ɗakin bincike ya san wannan ƙilin ɗin, don nakan ƙara murya saboda a ji.

Ciwon ajalinsa ya samo asali ne a ƙarshen hunturu. Malaminmu, Farfesa Eom, yana da gurbi ɗaya tak na digirin digirgir, mu biyu kuma muke nema: ni da Pyo Min-cheol, wanda ya zo bayana. Ni na saka masa nasa lasisin da hannuna ranar da ya fara zuwa, yana tsaye a bayana yana cin biskit yana zubar min da ɓurɓushi a kafaɗa. Farfesa ya kai mu cin taliya mai sanyi, ya jira sai da na kai loma baki, sannan ya ce, "Seul-gi, ke ko ina aka jefa ki za ki tashi. Shi wannan in na sake shi, ɓata zai yi."

Min-cheol ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaskiya ne, Farfesa."

Ban taɓa ganin mutumin da aka zaga ya yi godiya irin ta ranar ba. Aka ba shi gurbi, aka ba ni yabo.

Daga ranar da na karɓi takardar kammalawa marigayi ya fara rama, don ransa a ɗaure yake da imel ɗin jami'a, imel kuwa na ɗalibai ne. An yi bakin ƙoƙari wajen nema masa magani. Na je ofishin kula da na'urori na roƙi a ƙara min ko zangon karatu ɗaya. Matar da ke wurin ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Kin gama, ai kin gama. Wasu kuka suke yi a sake su, ke kina kuka a riƙe ki."

Na koma wurin Kawu Deok-su, ƙanen mahaifiyata, wanda nake wa aiki yanzu a ɗan kamfaninsa na motocin kai kifi. Na ce ko zai sayi lasisin 'yan kasuwa, in tsara masa hanyoyin direbobinsa, in kuma ƙarasa nawa binciken. Da ya ji farashi sai ya ajiye sandunan cin abinci ya ce, "Wato in sayar da mota ɗaya don na'ura ta gaya wa sauran inda za su bi? Ai sun san hanya, 'yar nan. Ci abincinki."

Ana cikin haka mujallar da na tura wa bincikena ta amso. Sun ce aikin ya yi, amma a sake gwada shi a kan tashar da ta ninka tawa girma, sannan su buga. Wannan takardar bincike ita ce tsanin da zan taka in nemi gurbi a wata jami'ar. Na ɗora wa marigayi aikin, na san ba shi da lafiya, shi ma ya sani. Ya ɗauki wuuu ɗinsa yadda ya saba, ya ci rabin hanya, sai fanka ta yi tsit. Ba ƙilin. A kan allo ga jan rubutu: wa'adi ya cika.

Ya rasu ya bar takarda guda da ba ta ƙarasu ba, da kwamfuta mai takaba, da wata manhajar kyauta da na ɗauko ta riƙe gida, baiwar Allah mai kirki amma tun ranar Talata take tunani ba ta ce uffan ba. Ya kuma bar ɗan uwansa na jini, lasisin Pyo Min-cheol, wanda ke zaune lafiya lau a kan sabuwar na'urar da aka saya wa ɗakin bincike bayan tafiyata, a kan teburina na da, kusa da taga. An sabunta masa rai kwanan nan. Labari ya iso min cewa aikin da ya fi yi a makon jiya shi ne tsara wanda zai riƙa wanke kofunan shayi. Ba na yi wa kowa fatan sharri. Ina dai faɗin abin da aka gaya min ne.

Min-cheol ya kira ni ya yi ta'aziyya. Ya ce, "Haba Yaya, abin da za ki ɗaga hankalinki a kai ke nan? Turo min aikin kawai, kafin shayinki ya huce ya fito."

Na dubi jan rubutun da ke kan allona.

Ya ce, "Sai dai kin san Farfesa. Zai ce duk wanda ya sa hannu a aiki, sunansa ya hau takarda. Ni wallahi ba ruwana."

Na ce, "Ka san ma abin da ke cikin takardar?"

Ya ce, "Jiragen ruwa ne, ko?"

A bayan muryarsa ina jin wata fanka tana wuuu, cikin ƙoshin lafiya. Kafin in kashe wayar sai da ta yi masa ƙilin.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da azahar a gidan mahaifiyata. Za a goge marigayi daga kwamfuta a gaban shaidu, sannan a ci miyar naman shanu mai yaji kamar yadda aka saba a gidan makoki. Masu zuwa su sa baƙaƙen kaya. Farin fure ɗaya ya isa. Kawu Deok-su ya yi alkawarin kifi. An keɓe wa Farfesa Eom kujera, a gefen da rana ke bugawa.

Ana gayyatar Pyo Min-cheol. Zai durƙusa sau biyu a gaban mamaci kamar kowa, goshi a ƙasa, ina tsaye ina kallo. In ya tashi zan miƙa masa aikina na shekara biyu ya tafi da shi. Sunansa zai hau takardar, a bayan nawa, kuma duk mai niyyar taya shi murna ya bari sai ya fita daga gidanmu.