Gaisuwar Uwar Ango a Toranke

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka kai amarya Toranke ba, don har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Lokacin ban daɗe da fara aikin jinya a sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa na wani asibiti a Gaya ba. Karatu na nan ɗanye a kaina, ina ji da shi. Cikin abin da aka dasa mana akwai wannan: idan kika haɗu da majinyacinki a waje, kada ki nuna kin san shi, sai in shi ya fara. Ni kuwa na riƙe wannan doka gam.

Akwai wata dattijuwa da ke zuwa wurinmu, bari in kira ta Inna Ladi. Tun rasuwar mijinta damuwa ta danne ta, ba barci ba cin abinci, amma da magani ta fara dawowa daidai. Wata rana ta kama hannuna ta ce, “Sista, ɗana zai yi aure. Kada dangin yarinyar su ji ina zuwa nan, kin san mutanenmu, sai su ce abin a jini yake.” Na ce ta kwantar da hankalinta (har da dafa ƙirji).

Ashe ’yar kawuna da ke Ajingi ita ce amaryar. Ban sani ba sai da muka shiga ɗakin uwar ango gaisuwa, na ga Inna Ladi zaune kan darduma ta sha atamfa.

Kowa ya durƙusa. Gwaggonnina da ƙawayen amarya duk suna “Ina wuni, Inna.” Ni kaɗai na tsaya ƙiƙam ina nazarin silin, wai ni mai bin ƙa’idar aiki. Ban yi tunanin cewa a ɗakin da kowa ke ƙasa, wanda ke tsaye shi ake kallo ba.

Gwaggo Asabe, yayar babana, ta mintsine ni a ƙauri. “Ke, ba ki iya gaisuwa ba ne?”

Sai bakina ya riga hankalina. Na ce da ƙarfi, “Ai ban taɓa ganinta ba!”

Wa ya tambaye ni? Gwaggo ta san sarai sashen da nake aiki, don ita ke min tsiya a kai. Na ga ta dube ni, ta dubi Inna, ta sake dubana. Na ce shi ke nan, na tona asirin baiwar Allah, na kuma jefa auren ɗanta cikin ƙananan maganganu tun ba a sauke kayan ɗaki ba.

Inna Ladi ta yi dariya, ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, “To ai shi ya sa ake gaisawa, ’yata, don a san juna. Matso nan. ’Yar wa ce wannan mai kunya haka?”

Aka kwashe da dariya. Gwaggo ta shiga ba da haƙuri tana cewa boko ne ya lalata mu. Na zube na gai da Inna, ta shafa kaina ta sa min albarka. Magana ta koma kan gara.

Da Inna Ladi ta dawo karɓar magani na rasa inda zan sa fuskata. Na fara ba ta haƙuri, ta katse ni.

“Na ga kin riƙe amana, Sista, Allah Ya biya ki. Amma kin riƙe ta kamar tukunya mai zafi, dole kowa ya waiwayo.”

Ina gode wa matar nan har gobe. Ni aka ɗora wa kare sirrinta, ita ta kare shi, ta haɗa da ni ta rufa mana asiri gaba ɗaya. Yanzu duk inda na shiga, kowa gaishe shi nake yi iri ɗaya, wanda na sani da wanda ban sani ba. “Yaya jiki” kawai nake haɗiyewa, sai kuma amsar tambayar da ba a yi min ba.