Ranar da Na Kwance Kwanon Ɗakin Gero

Ni ba na aiki da garaje. Da na ji saƙon murya a waya cewa maganaɗisun rana ya juye, zai fizge duk ƙarfen da ke fili, sai na tsara komai. Da farko na ɗaure babur a jikin kuka. Na biyu, na hau ɗakin gero na kwance kwanon.

Matata ta ce, "Malam, dubi gabas, hadari ya haɗu!"

Na ce, "Kimiyya ce, ba ki san ta ba."

Rana ko ƙusa ba ta ɗauka ba. Ruwa kuwa ya sauka kan cimakar shekara.

Har yau in na shiga kasuwar Tambuwal, maƙera sai su danne kayansu suna ihu: "Ku riƙe garemani, ga Malam Maganaɗisu nan tafe!"