Abin da Ke Damun Nomau

A ƙauyen Kanyar Maiki akwai wani mutum ana ce masa Nomau. Ba mahaukaci ba ne, kada ku ɗauki alhakinsa. Yana noma, yana salla a kan lokaci, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Abu ɗaya ne dai: duk abin da ka faɗa masa, shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Su uku ne a gidan: shi, da matarsa Tabawa mai kaifin baki, da 'yarsu ta fari kuma tilo, Yalwa, wadda aka haifa da ciwon sikila. Idan ciwon ya tashi, akan ruga da ita ɗan asibitin gwamnati da ke bakin kasuwa, a yi mata allura, a ɗaura mata ruwa. Ana nan sai aka ɗauke ma'aikaciyar jinyar aka kai ta wani gari, ba a turo wata ba, aka garƙame ƙofa da kwaɗo. Tabawa ta ɗaure kaya, ta ce za su koma gidan yayanta a birni, kusa da babban asibiti. Da suka shiga mota ta leƙo ta taga ta ce, "Malam, ka kula da gona. Kada ka biyo mu. Ranar da aka buɗe asibitin nan, ranar za mu dawo." Nomau ya ce, "To." Ya koma gida, gidan ya yi masa faɗi, tuwo ma ya daina yi masa daɗi.

Wata rana kewa ta ishe shi, sai ya ari guduma a maƙera, ya fasa kwaɗon, ya wangale ƙofar asibiti. Ya aika direban motar kasuwa ya gaya wa Tabawa an buɗe. Ya share tsakar gida, ya sayi alewa ya ƙulle a bakin rigarsa, ya zauna a gefen hanya yana duban kowace ƙura da ta taso. Direba ya dawo shi kaɗai, ya ce, "Ta ce in gaya maka Allah ya shirye ka. Wai ƙofar ce za ta yi wa yarinya allura?" Kafin nan kuwa awakin gari sun tare a ɗakin haihuwa. Mai unguwa Sallau ya sa Nomau ya kore su, ya wanke ɗakin.

Wata rana Mai unguwa ya tausaya masa, ya ce, "Kai Nomau, tafi birni, ofishin lafiya na jiha. Kada ka dawo sai ka ga shugaban wurin da idonka." Nomau ya yi sammako. Ya wuni a kan benci, masinja na cewa ana taro, shi ko gezau. Can da yamma shugaban ya fito zai shiga mota. Nomau ya miƙe, ya ƙare masa kallo tun daga hula har takalmi, ya juyo gida.

Ya tarar da Mai unguwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, na gan shi. Dogo ne, da gilashi."

"Me ya ce game da asibitin?"

"Ai ba ka ce in yi magana ba."

Mai unguwa ya dafe kai. "To, ka dai ga iyalinka ko?"

Nomau ya sunkuyar da kai. Ashe ya je har bakin layin gidan surukinsa, ya tsaya a gindin wata dalbejiya, ya hango zanen Tabawa a kan igiyar shanya. Bai shiga ba, don ta ce kada ya biyo su.

Wata rana ana shirin nan na gidan rediyon jiha da jama'a ke bugo waya su kai kukansu ga hukuma. Mai unguwa ya kira da wayarsa, ya yi sa'a aka ɗauka, ya miƙa wa Nomau yana raɗa masa, "Ka gaishe su da kyau tukuna, manya ne, sannan ka faɗi kukanka." To fa! Nomau ya durƙusa a ƙasa da waya a kunne. Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya damina, yaya masu jiki, yaya dabbobi, yaya maƙwabta. Mai gabatarwa na cewa, "Malam, je ka kan magana," shi kuwa bai gama tambayar dangin matar mai gabatarwar ba. Ƙit, aka katse. Gari ya kwana yana dariya. Amma ranar kasuwa direba ya zo da labari: Yalwa ta ji muryar a rediyon kawunta, ta rungume rediyon tana kiran Baba, da ƙyar aka ɓamɓare ta. Nomau ya sa direban ya maimaita masa, ya sake maimaitawa, har mutumin ya gaji ya tayar da mota.

Wata rana kansilan yankin ya dira a gari hankali a tashe. Wata babbar jami'ar lafiya za ta zo zagayen duba asibitocin ƙauyuka, shi kuma ya daɗe yana gaya wa na sama cewa na Kanyar Maiki yana aiki lafiya ƙalau. Nan da nan aka shafa farar ƙasa, aka aro farar riga aka zura wa Gwadabe wanzami, aka jera kwalaben da ba komai a ciki. Saura marasa lafiya. Kansila ya dubi Nomau, ya ga yadda ya rame, ya ce, "Yauwa, wannan ya yi. Hau gado ka kwanta. Idan ta tambaye ka, ka faɗi abin da ke damunka, shi ke nan." Mai unguwa, da yake ya san halin Nomau, ya kau da kai abinsa.

Jami'ar ta iso, dattijuwa ce mai natsuwa. Ta zagaya, ta tsaya a kan Nomau. "Sannu, Malam. Me ke damunka?"

"Kewar 'yata, ranki ya daɗe. Da ta uwarta."

Mata suka rufe baki. Namiji da gemunsa, ya ambaci 'yar fari da matarsa a bainar jama'a! Kansila ya yi dariyar yaƙe, ya ce zazzaɓi ne ya taɓa masa kai. Jami'ar ta ɗaga masa hannu. "Ina suke?"

"Suna birni. Yarinyar sikila gare ta, nan kuma ba mai yi mata allura tun da aka ɗauke ma'aikaciya. Da safe in na tashi sai in ji kamar tana tari a ɗaki, in leƙa, ba kowa. Abin da ke damuna ke nan."

"Shi likitan nan fa, me ya ba ka?"

"Gwadabe? Aski yake min. Ya iya ƙaho ma, in kina so."

Gwadabe ya fara cire rigar tun ba a ce masa ba. Jami'ar ta ɗauki kwalba ɗaya ta girgiza, ta ajiye, ta dubi kansila, kallon da ya sa gumi ya keto masa. Bayan motarta ta tashi, kansila ya yi ta surfa wa Nomau zagi, wai ya kunyata gari. Nomau ya ce, "Yallaɓai, in sauko, ko in ci gaba da kwanciya?"

Kafin a gama girbin gero, motar gwamnati ta sauke sabuwar ma'aikaciyar jinya da kwalayen magani. Ranar kasuwa ta zagayo, motar kasuwa ta tsaya, Tabawa ta sauko. Nomau ya tsaya kamar an dasa shi, kunya ta hana shi matsowa. Tabawa ta miƙo masa hannun Yalwa tana juyawa wajen kaya, ta ce, "Malam, riƙe min ita, kada ka sake ta."

Aka sauke kaya, aka kai gida, 'yan barka da zuwa suka cika zaure, suka watse. Aka kawo tuwo, ya ci da hannu ɗaya. Tabawa ta fito ta gan su zaune a kan tabarma, yarinyar ta jingina da kafaɗarsa tana gyangyaɗi, hannunta na cikin nasa har yanzu. Ta buɗe baki za ta ce ya isa haka. Sai ta share ido da bakin zane, ta koma madafa.