Robar Haƙori a Kan Faifan Surukai

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka kusa fasa ba ni aure saboda ƴan robobi biyu da ba su kai ƙwayar wake ba.

Ni dai tun ina yaro haƙorana na ƙasa suka sha gaban na sama, in na rufe baki sai ka ce fushi nake da kowa. Da na fara koyarwa a wata lakwal a Magaria, na je Damagaram likita ya ɗaura mini waya a haƙora. Daga baya ya ƙara mini robobi masu kamar zobe, in riƙa maƙala su daga haƙorin sama na can ciki zuwa na ƙasa, hagu da dama, har cizon ya daidaita. Ba a cirewa sai za a ci abinci. Rabi, wadda nake nema, ta san da su. Danginta kuwa na ɓoye musu, don kunya nake ji a ce ƙato kamata yana gyaran haƙori. Na kan gaishe su baki a tsuke, su kuma suna yabon kunyata (Allah ya yafe mini, har daɗin yabon nake ji).

Ranar na hau moto zuwa ƙauyensu kusa da Bande don gaida kawunta, wanda shi ne mai ba da aurenta. Aka kai ni zaure, aka ajiye mini fura aka ba ni wuri, tunda suruki ba ya ci a gaban manya. Na cire robobin na jera su a kan faifan da aka rufe ƙwaryar, na sha na ƙoshi, na zaro sababbi daga aljihu na saka. Tsofaffin na manta da su.

Ina tada moto aka ce in dawo, Kawu na kira. Na tarar da shi a tsakar gida fuska a ɗaure, ga Inna kakar Rabi ta ajiye faifan a ƙasa tana nuna shi da kara, don ta rantse hannunta ba zai taɓa ba. Sauran furar har ta sa an tona rami an zuba. A cewarta asiri ne na binne musu, zobe ɗaya na ɗaure bakin kawu, ɗaya na ɗaure zuciyar yarinya. Shekara biyu ina neman yarinyar nan.

Kawu ya ce, "Mushe, mene ne wannan?" (Haka ake kiran malamin lakwal a wajenmu.)

Maimakon in yi bayani, ni mai wayo, sai na zaro ledar robobin daga aljihu don su gani. Ga su nan cunkus, kuma a jikin ledar akwai hoton dila (kamfanin ne ke bambanta girmansu da hoton dabbobi, amma je ka faɗa wa Inna). Ta ja da baya tana salati, ta ce ashe har na sauran dangi na tanada.

Nan na ga ba sauran rufin asiri. Na durƙusa na ce, "Baba, ku yi haƙuri, ku duba bakina." Na wage shi iya ƙarfina, gaban suruki, gaban matan gida da ke leƙe ta bayan zana. Na cire ɗaya na nuna, na zo maidawa ba madubi, ta kuɓuce ta yi sama. Sai a karo na uku ta kama.

Kawu mutumin shanu ne. Ya kama haɓata, ya juya ni wajen haske, ya daɗe yana nazari kamar zai saya. Ya tambaya ko da zafi, na ce kamar a cire kai a makon farko. Ya tambayi tsawon lokacin, na ce shekara ɗaya da rabi ke nan, da saura. Sai ya juya ga Inna ya ce haka suke ɗaure ƙahon maraƙi da igiya in ya karkace, a hankali a hankali har ya miƙe, ba wani asiri a ciki.

"Wanda ya jure ƙarfe a baki shekara da rabi bai yi ƙorafi ba," in ji shi, "zai iya zama da ƴarmu. Ka turo manyanka a sa rana."

Inna ta matso ta leƙa bakin ita ma, ta buɗe nata mai haƙori uku, ta tambaya ko likitan nan yana karɓar tsofaffi. Dariyar da aka yi har maƙwabta suka shigo. Ni kuwa na tuƙa moto zuwa Magaria baki a buɗe, ina washe wa duk amalanken da na gamu da shi waya, ƙudaje biyu ma na haɗiye ban damu ba.

Tun daga ranar na gane cewa abin da kake ɓoye wa dangin mace, gara ka nuna musu da kanka kana zaune, kafin su sa ka nuna shi a durƙushe.