Yadda Za Ka Yi Wa Tarihin Legas Kiɗa Alhali Ba Ka Jin Maganar Kalangu

Idan ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ba ka tsallake ko guda ba, na yi maka alkawari dattawan Isale Eko, tsohuwar unguwar Legas, ba za su taɓa mantawa da kiɗanka ba. An gwada hanyar, kuma ta yi aiki. Wanda ya gwada wani abokina ne, Kolapo, saurayi mai dogon wuya da taushin zuciya, da ke haɗa kiɗa a wani ɗan ƙuƙumin ɗaki a unguwar Yaba. Ba ni ba ne. Gaskiya ne unguwarmu ɗaya, tsawonmu ɗaya, kuma ba a taɓa ganinmu tare ba, amma wannan ba hujja ba ce.

Mataki na ɗaya: Karɓi aikin kafin ka ji ko mene ne

Kada ka tambayi tsawon fim ɗin, kada ka tambayi ranar da ake so a gama. Dubi wadda ta kawo aikin kawai.

Ibidun ce ta kawo wa Kolapo. Shekara uku ta yi tana yawo da kyamara daga kasuwa zuwa bakin ruwa, tana haɗa fim a kan tarihin Legas, tun birnin yana rugar masunta har ya zama abin da ya zama. Ta shigo ɗakinsa wata Talata da rana, ta kaɗe kujera kafin ta zauna, ta ce tana son kiɗan da zai sa mai kallo ya ji birnin yana numfashi.

"Zan iya, Darakta," in ji Kolapo.

"Ban ma gama bayani ba."

"Ko kin gama, zan iya."

Kafin ta kai bakin titi ya riga ya yanke shawara biyu: yana son ta, kuma ba zai taɓa faɗa da baki ba. Kiɗa ne zai faɗa. Kolapo ya karanta littattafai da yawa, ya kuma lura duk masoyin da ya yi magana a babi na biyu ba ya kai babi na goma. Kai ma ka riƙe wannan. Ka riƙa ce mata Darakta safe da yamma, don kada sunanta ya karya maka murya.

Mataki na biyu: Yi bincike mai zurfi, daga kan katifa

Wasu za su ce ka je Isale Eko ka zauna da tsofaffi. Ka rabu da su, ba su san cunkoson gada ba. Kwanta ka saurari kiɗan finafinan ƙasashen sanyi har sai ka tabbatar wa kanka cewa tarihi, ko na wane gari ne, sautinsa gogen Turawa arba'in ne suna kuka tare.

Ba ka da goge ko ɗaya? Babu damuwa, duk arba'in ɗin suna cikin kwamfuta.

Kwana tara Kolapo yana haɗawa yana share hawaye. A rana ta goma Iya Bunmi mai ƙosai, maƙwabciyarsa, ta buga ƙofa da hannu mai maiƙo.

"Ɗan nan, wa ya rasu a gidanku ba ka gaya mana ba?"

Idan wannan ya faru da kai, ka ɗauke shi a matsayin yabo.

Mataki na uku: In an kushe, ka ce dama gwaji ne

Ibidun ta saurara har ƙarshe, ta cire abin ji daga kunne, ta ce, "Yana da daɗi. Amma wane gari ne wannan? Ji nake kamar ƙanƙara na zuba. Ina kalangu?"

"Yana tafe, Darakta. Dama shi na bari a ƙarshe."

Ko a mafarki bai tuna da shi ba. A Legas aka haife shi, ya ci shinkafar biki fiye da ɗari da kalangu yana tashi a bayan kunnensa, amma bai taɓa tsayawa ya ji abin da yake faɗa ba. A wurinsa ƙara ce mai daɗi da ke zuwa tare da nama. Ibidun ta rubuta masa sunan wani tsohon makaɗi a Mushin, Baba Ayantayo, wanda gidansu kiɗa suka gada kaka da kakanni.

Mataki na huɗu: Kira makaɗi, amma kada ka ba shi kowa

Nan ne zuciyar aikin, ka natsu.

Baba Ayantayo ya sauko daga danfo, bas ɗin hayar Legas, da kalangunsa a naɗe cikin zane. Kolapo ya zube rub-da-ciki ya gaishe shi, ƙafafunsa suka tsaya a waje saboda ɗakin bai kai tsawonsa ba. Baba ya zauna gaban makirufo, ya kwance zane, ya ja igiyoyin fata, ya ɗaga gula.

"To, wa zan kira?"

"Ba kowa, Baba. Ku buga kawai."

Baba ya sauke gula. "Shekara hamsin da wani abu ina wannan sana'a, ban taɓa buga wa ba-kowa ba. Ko a gidan makoki akwai mai suna. Kalangu ba ya magana da bango, ɗan nan. Ba ni mutum, ba ni gida."

"Sautin kawai nake so, Baba. Ku zuba shi yadda ya zo, ni zan san inda zan sa."

"Au, kamar ruwan famfo."

"Yawwa, Baba!" in ji Kolapo, yana murna an fahimce shi.

Ana cikin haka Ibidun ta leƙo da amala a kwano. Ta durƙusa ta gaida Baba. Ya tambaye ta ita ɗiyar wane gida ce, ta ce gidan masu sassaƙa kwale-kwale na Isale Eko, jikar Mama Agba. Ta ajiye kwano ta fita, tana sauri. Wuyan Kolapo ya raka ta har ƙofa, ya tsaya can na ɗan lokaci bayan an rufe, kafin ya dawo wurin mai shi.

Baba ya dubi ƙofar, ya dubi wuyan.

"Kunna na'urarka," in ji shi. "Na samu."

Kada ka tambaya me ya samu. Ƙwararre ba ya tambaya. Minti huɗu Baba ya yi yana bugawa, kafaɗarsa na rawa kamar mai danne tari, Kolapo kuwa ido rufe, yana jin ƙarni uku suna ratsa ƙirjinsa.

Mataki na biyar: Nemi wurin da ya fi nauyi a fim ɗin, ka zuba a nan

A tsakiyar fim ɗin akwai ranar da jiragen ruwan Turawa suka yi wa birnin ruwan wuta. Tsofaffin zane-zane, hayaƙi, rufin ciyawa yana ci, da muryar wani dattijo yana ba da labarin yadda ya ji daga kakansa.

Kolapo ya yanko gaɓa ɗaya daga kiɗan Baba, wadda ke hawa tana sauka kamar shessheƙa, ya maimaita ta sau goma sha huɗu, ya shimfiɗa goge arba'in a ƙarƙashi. Da ya kunna wa Ibidun, sai ya ga idonta ya kawo ruwa.

"Kolapo, kai ka sa Baba ya buga wannan?"

"Ni ne, Darakta."

"Ban san ka kula har haka ba," in ji ta a hankali.

Ya koma gida ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Gogen sun yi aiki, in ji shi. Mako uku tana yi masa murmushin da ba na aiki ba, shi kuma yana ƙara goge.

Mataki na shida: Ranar nuna wa dattawa, zauna a gaba

Ibidun ta ce fim ɗin ba zai je ko'ina ba sai mutanen da labarin ya shafa sun gani sun sa albarka. Aka tara dattawa wajen sittin a wani zauren taro a Isale Eko bayan azahar, fanka na juyawa, Mama Agba a layin gaba da ɗaurin kai mai tare wa na baya kallo. Kolapo ya sa sabuwar riga ya zauna kusa da majigi, inda kowa zai gan shi in an fara kuka.

Jirage suka bayyana. Kalangu ya shigo.

A karo na farko Mama Agba ta ɗaga kai, ta ɗaga hannu sama kamar wadda aka kira. A na biyu wani tsoho ya yi tari. A na uku wata ta rufe baki da gefen zane. Kafin na bakwai zauren ya fashe da dariya. Gidaje na ci da wuta a allo, tsofaffi na riƙe da haƙarƙari, wani mai sanda yana buga ƙasa yana bin kiɗan da baki: "Faɗa mata mana! Faɗa mata!"

Ibidun ta kashe majigi. "Mama, me ya faru?"

Mama Agba ta share hawayen dariya. "Farkon kirarin gidanmu ne, wannan kin sani. Sauran ne ya fi ƙarfin kunnenki. Cewa yake: ga wani mai dogon wuya, idonsa ya raka 'yarmu har ƙofa, bakinsa ya ƙi buɗewa. Faɗa mata mana, ɗan nan, faɗa mata."

Kawuna sittin suka juya suna neman wuya. Ba su sha wahala ba. Kolapo ya yi ƙoƙarin cusa nasa cikin sabuwar riga, amma rigar ba ta isa ba.

Sai Mama Agba ta daina dariya. "Mun yi dariya, don abin dariya ne. Amma a wutar nan gidanmu ya ƙone, har da mutane a ciki. Ba a yi musu kiɗan neman aure. Fim ɗin nan ba zai fita haka da yawunmu ba."

Mataki na bakwai: Yi ƙarya

Ibidun za ta ja ka waje, bayan zaure. Za ta ba ka dama da hannunta. Ka kama.

"Tun ranar farko na gane kirarin gidanmu," in ji ta ga Kolapo. "Na ɗauka kai ka je ka nemo saboda ni. Mako uku ina jin daɗin abin. Ka san abin da kalangun ke faɗa?"

Amsar ƙwararru ita ce: na sani, da gangan na yi. Ka dafa ƙirji, ka dubi nesa. A nan ne abokina ya ba ni kunya.

"Ban sani ba, Darakta. Ko kalma ɗaya. Na ɗauka birni ne ke kuka."

"Ashe ba kai ka nemo ba."

"Ban nemo ba. Ban ma san gidanku na da kirari ba." Ya haɗiye yawu, kuma a irin wuyansa ana ganin tafiyar tun daga sama har ƙasa. "Amma Baba bai yi ƙarya ba."

Wata danfo ta wuce da yaron mota yana kiran Obalende.

"Za ka koma Mushin," in ji ta. "Za ka zauna ka tambayi abin da ake bugawa a rana irin wannan. Za ka karɓi sunayen gidajen da suka ƙone daga wurin Mama. Gogen nan kuma."

"A rage rabi?"

"Duka. Ɗayar maganar kuwa, ba na karɓar saƙo daga hannun kalangu."

Mataki na takwas: In komai ya ƙi, buɗe baki

Mako biyu Kolapo yana ratsa cunkoson da ya ce ba zai ratsa ba. Ya zauna a ƙasa gaban Mama Agba ya rubuta sunayen gidaje goma sha ɗaya. Da ya kai wa Baba Ayantayo, Baba ya ɗaga gula ya ce, "To, wa zan kira?" Kolapo ya karanto su ɗaya bayan ɗaya. Baba ya gyaɗa kai. "Yau ka zo da mutane."

Da aka sake nunawa a zauren nan, babu goge ko ɗaya. Kalangu ya kira gida goma sha ɗaya, kuma duk gidan da aka kira sai ka ga wani tsoho ya sunkuyar da kai. Ba wanda ya yi tari. Da aka gama, Mama Agba ta ce a kai fim duk inda za a kai shi.

Saura ɗayar maganar. Ranar Lahadi Kolapo ya tafi gidan Mama Agba, ya ja Baba tare da shi ko da za a buƙaci taimako. Tun a ƙofa Mama Agba ta karɓi kalangun ta rataye, ta zaunar da Baba gaban amala da miya, ta ce bakinsa da hannunsa duk suna da aiki yau.

Haka Kolapo ya tsaya a tsakar gida, ba kiɗa a ƙarƙashi, akuya na kallo, ya faɗa. Kalma uku ce, kuma muryar ta karye a ta biyu.

"Na ji," in ji Ibidun. "Ka ce wa?"

"Darak..."

"Wa?"

"Ibidun."

"To. Ka dawo Lahadi mai zuwa ka sake gwadawa, ba tare da Baba ba."

Gargaɗi

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin duk abin da ya same ka. In dattawa sun yi maka dariya, in an kwashe gogenka arba'in, in har yau ba ka iya ratsa Isale Eko sai wani tsoho ya leƙo ta taga ya ce faɗa mata, duk wannan tsakaninka da wuyanka ne. In kuma ka buɗe baki aka ce a'a, ni kiɗa na ce zan koya maka. Mai ƙorafi ya kai wa Baba Ayantayo a Mushin, amma ya tafi da sunan wanda za a kira, ya kuma kula da inda idonsa ke zuwa. Ni ba za a same ni ba ranar Lahadi. Ana jiran Kolapo a gidan Mama Agba, kuma ni ne nake da rigar.