Ranar da Na Shayar da Shanun Kebbe

Shekarar da Baturen gidan ruwa na Tambuwal ya tattara ya koma ƙasarsu, ni aka damƙa wa sufanar kwance noti da ragamar aikin. Mitar da ke auna ruwan da ke fita daga babban tanki ta toshe da yashi. Na ce ko ana ha-maza ha-mata sai na wanke ta da hannuna, don kowa ya san 'yancin kai ba a baki ya tsaya ba.

Na sa farar rigata ta sallah, don har wakilin En'e, hukumar gargajiya, ya zo kallo. Doka ta farko ita ce a rufe bawul mai tsayar da ruwa, kuma na rufe shi gam. Sai dai na bayan mitar na rufe, na bar na wajen tanki a buɗe.

Ina kwance noti na ƙarshe, ruwa ya yi sama da hulata. Wakili ya ja da baya yana salati.

"Malam, tashi nan, kada ruwan ga shi kashe ka!"

"Kada kowa ya matso, aikina ne!" na ce, na rungume bututun kamar ɗan kokawa. Ban sake shi ba sai da tankin ya ƙare kaf.

Ranar famfo bai ɗiga ba a gari. Fulanin da suka koro shanu daga Kebbe kuwa suka tarar da tafki ana tsakiyar rani, suka shayar suna sa mini albarka.

Yau na yi furfura, amma duk ranar kasuwa sai wani ya tare ni: "Injiniya, yaushe za ka sake gyara? Shanu na jin ƙishirwa."